Sirinjin da Na Jefa Masai

Zuwa ga ɗiyata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, Ya yalwata miki makwancinki.

Kin ga na rubuta sunanki. Ke ce ta fari, bakina bai taɓa kiransa ba tun ranar da aka raɗa miki shi. In kina kusa in ce ke, in kina nesa in ce a kira min yarinyar nan. Haka uwata ta yi da yayana, haka kowa ya yi a gidanmu, kuma ban ce laifi ba ne. Amma yau babu mai ganina, shi ya sa na rubuta. Na san ba za ki karanta ba. Ni ce nake gaya wa matan makarantarmu cewa addu'a mamaci yake bukata, surutu ba ya kai masa. To ga ni da biro da tsohon littafin rubutun mahaifinki, ina yin abin da in wata ce ta yi shi, da na yi mata faɗa.

Damina ta yi kyau. An fara yankan shinkafa a fadama, masu albasa kuma suna gyaran fili. Katangar bayan ɗakinki ta zube a ruwan ƙarshe, an tayar da ita. Akuyar nan da kika ce a sayar don ta cika ɓarna ta haifi biyu, tana nan tana ɓarnarta. Tun da kika yi aure kika koma Kalgo na saba da zama ni kaɗai, amma da akwai kiranki na bayan la'asar. Yanzu in na sallame la'asar sai in ga na ɗauko wayar na riƙe ta, ban san lokacin da na ɗauko ba.

Ba wannan ne ya zaunar da ni ba. Na ɓata miki suna, Zuwaira. Da bakina na yi shi, kina kwana uku a ƙasa. Yanzu haka akwai gidaje a Gwandu da Kalgo da ake cewa allura kike yi wa kanki a ɓoye, ita ta kashe ki. Daga wurina maganar ta fita, kuma ƙarya ce. Ina ta ƙoƙarin gyarawa, ban gama ba. Bari in gaya miki yadda aka yi, tunda ban ba ki dama kin ji kina da rai ba.

Kin tuna ranar da mahaifinki ya shigo da kwamfutar nan a bayan babur? Ofishinsu ne suka yi sababbi, aka rabar da tsofaffin. Farin akwatin ƙarfe, da talabijin ɗinta mai ƙaton ƙeya. Ya ce don buga takardu ya kawo ta. Ko wata ba a yi ba na tarar da ke a gabanta, kina tuƙa wani ɗan jirgi yana kauce wa duwatsu. Shekararki tara. Sikila ta riga ta ɗauke ƙannenki biyu, ke kaɗai ta bar mana, ke ma ba ta bar ki da lafiya ba. In ciwon ya tashi yatsunki suka kumbura, sai ya ɗora ki a cinyarsa, ke kina danna maɓalli ɗaya, shi yana danna ɗaya. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina cewa mara lafiya ambaton Allah ya kamace shi. Har gobe haka na yarda. Abin da ban faɗa ba shi ne na lura kukanki yana raguwa in kina gabanta. Na gani da idona, na ƙi faɗa, don kada Malam mahaifinki ya ce shi ne da gaskiya.

Da ya rasu na lulluɓe ta da tsohon zane, na ja ƙofar ɗakinsa. Kika yi karatunki na kwamfuta, kika sami aikin buga takardu a Kalgo, kika yi aure. Ta shekara goma sha wani abu a wurin, ko zanen ban ɗaga ba.

Sai ga ki a tsakiyar damina da kwali a hannu, kin ce mijinki ya ba ki mako guda ki zo ki gan ni. Washegari da hantsi na ji ƙofar ɗakin Malam ta yi ƙara. Na leƙa na same ki a tabarma, kin kwantar da akwatin, kin kwance murfinsa da sukundireba. Ban taɓa ganin cikinsa ba sai ranar. Ƙura ta yi masa bargo, zanzaro ya gina ɗaki a jikin fankar. Kika yi ta dariya, kika ce ashe akwai 'yan haya a ciki ba su taɓa biya ba. Kika ɗauki tsohon buroshin haƙori kina sharewa, kina hurawa da baki, ni kuma ina cewa ƙurar nan ba za ta bar ƙirjinki lafiya ba.

Kika aro faifaina ba ki tambaye ni ba, kika jera sukurori a kai kashi-kashi: na murfi daban, na fanka daban, na babban koren allon da komai yake manne a jikinsa daban. Kika riƙa fito da abin da kika kawo kina nuna min, kamar na ce ina son gani. Wasu sanduna biyu kamar rula, kika ce ram ne, da su za ta daina numfarfashi. Wani kati mai 'yar fanka a jikinsa, na gyara hoto. Sabon ma'aji, don tsohon ya fara ƙara kamar ƙwaro a cikin itace, kuma duk wasannin da kuka yi da Malam suna cikinsa, kina son ki kwashe su kafin ya mutu. Da ɗan batir kamar kwabo. Kika ce duk tsofaffin kaya ne kika yi wata da watanni kina nema wurin masu gyara, don sababbin yanzu ba sa shiga irin wannan.

Me na ce miki? Na ce matar aure ce zaune da sukundireba, mijinta yana can yana cin tuwon wani gida. Na ce shekara ashirin da bakwai, har yanzu wasan yara. Na ce wanda ya san kwanansa ba shi da yawa ba ya ɓata yini a kan jirgin ƙarya. Wannan ta ƙarshen ita ce ba na son tunawa. Ba ki ɗago ba. Kika ce in miƙo miki auduga.

Rana ta uku kina wanka na shiga in ɗauke miki jaka daga ƙasa, don ruwa yana ɗiga daga rufi. Aljihun gefe a buɗe yake. Na ga sirinji a naɗe cikin leda, ƙarami, cike da wani abu mai duhu, babu allura a bakinsa. Duk shekarun da na yi ina zaman layi da ke a asibiti, na sha jin matan da ke jinya suna labarin masu sikilar da suka saba da allurar kashe zafi, har suka koma yi wa kansu a ɓoye, cinya duk gyambo. Na taɓa ganin wata da idona. A tsaye a wurin na yanke hukunci. Na ce allurar kin ɓoye ta wani wuri. Na ce shi ya sa kika rame, shi ya sa kike yawan barcin rana. Akwai rubutu a jikinsa, ƙanana, kuma na iya Turanci daidai gwargwado. Tabarauna yana kan taga, taku uku. Ban ɗauko ba. Na dunƙule shi a hannu, na zagaya, na jefa shi masai.

Da azahar na ji kina ta ɗaga kaya. Kika zo inda nake tsince shinkafa, kika tambaye ni ko na ga wani ɗan sirinji. Haka kika faɗe shi kai tsaye, ba ki ko rage murya ba. Mai ɓoye abu yana tambaya haka? Yanzu nake ganin wannan. A lokacin cewa na yi rashin kunyar har ta kai nan. Na dube ki na ce ki ji tsoron Allah, jikinki amana ne, duk abin da mutum ya ɓoye wa uwarsa bai ɓoye wa Mahaliccinsa ba. Kika tsaya kina kallona. Na san abin da kika ɗauka: faɗan kwamfuta ne da kika saba ji tun kina ƙarama. Kika ce to Inna, Allah Ya ba da haƙuri. Kika ce ba a rufe ta sai da shi, za ki nemo wani in kin koma, ki dawo ki ƙarasa. Ban tambaye ki mece ce ba a rufewa sai da shi ba. Na tashi na bar miki wurin.

Ke ma da laifinki, ba zan ɓoye miki ba. Me ya hana ki biyo ni ki ce Inna, me kike nufi? Wa ya koya miki haɗiye magana haka? Na rubuta wannan tambayar, na zauna ina kallonta. Na san wanda ya koya miki.

Kwana ukun da suka rage gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar tafiyarki kika yafa wa buɗaɗɗen akwatin gyalenki mai ruwan ƙasa, kika roƙe ni kada a taɓa faifan. Na raka ki zaure, ban raka ki bakin titi ba. Kwana tara bayan nan ruwan sama ya dake ki a hanyar dawowa daga aiki, ciwon ya kama ƙirjinki. Kafin motar da na shiga ta isa Birnin Kebbi an riga an rufe miki fuska.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, na ja Goggonki Hajo cikin ɗaki. Ƙanwar mahaifinki ce, na ce ita ta fi cancanta ta sani. Na gaya mata abin da na gani, na ce ta riƙe a cikinta, ta dai ƙara miki addu'a don ba mu san halin da kika tafi a kai ba. Haka na sa wa abin riga, na kira shi neman addu'a. Gaskiyar ita ce ya yi min nauyi, na nemi wanda zai taya ni ɗauka. Ni da na shekara ashirin ina karantar da mata illar giba da mummunan zato. Hajo ta koma Dodoru ta gaya wa mutum ɗaya, ita ma don addu'a. Kafin arba'in maganar ta isa Kalgo, ta kuma yi 'ya'ya a hanya. Aka ce an ga tabo a cinyarki wurin wanka. Aka ce mijinki ne yake sayo miki. Mahaifiyarsa, Hajiya Kulu, ta daina zuwa biki don kallon da ake yi mata. Duk ina ji. Na yi shiru, don a zatona gaskiya ce ta fito, kuma gaskiya ba a yi mata gyara.

Bayan arba'in da mako biyu mijinki ya zo. Kin san shi da kunya. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bakin ƙofata, labule a tsakaninmu. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya kamar ranar aka yi rasuwar. Ya daɗe yana juya magana, sannan ya ce ya zo da wani ɗan saƙo da ya tarar a durowarki. Ya ce washegarin komawarki kika sa shi ya kai ki wurin masu gyara kika sayo, kina ta cewa na farkon ya ɓata a gidan Inna. Ya ce in na yarda yana son ya ƙarasa aikin da kika fara, don ya kasa barin tunaninsa. Ya turo leda ta ƙarƙashin labule.

Shi ne, Zuwaira. Girmansa, launinsa, har ledar. Na riƙe shi na ce wannan fa na mene ne. Ya ce man sanyaya ne. Ya ce akwai wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu a tsakiyar allon, shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar, yana zafi ƙwarai in tana aiki. Sai an ɗiga masa wannan man kafin a ɗora fanka, in ba haka ba ya ƙone. Ya ce a sirinji ake zuba shi don a iya ɗiga kaɗan. Na cire murfin na matsa a yatsana. Toka-toka ne, mai kauri, kamar an kwaɓa toka da man kaɗe. Ko mahaukaci ba zai sa wannan a jijiya ba. Na ɗauko tabarau na karanta rubutun. Da Turanci mai sauƙi aka rubuta, irin wanda na iya tun ina aji biyu.

Na yi ta juya shi a hannuna. Sai da ya ce Inna lafiya, sannan na ce lafiya lau. Na ce kwamfuta ba za ta fita gidan nan ba, kuma ba zai shiga ɗakin Malam ya zauna ina tsaye a kansa ba, bai dace ba. Ni zan haɗa ta. Ya zauna a waje ya gaya min yadda ake yi. Na ji ya so ya yi magana, ya haɗiye. Wa ke musu da surukarsa?

Haka muka yi yini biyu. Ina ciki a tabarmarki, yana bakin ƙofa a kan buzu, ya juya wa labule gefe. Shi ma ba gwani ba ne, malamin makaranta ne, abin da ya gani a hannunki da abin da kika rubuta a wata takarda yake bi. Ya ce in fara taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin in taɓa komai na ciki, wai akwai wuta a jikin mutum da ba ya ji. Na ce shekara hamsin da biyar ban taɓa jan kowa ba, amma na taɓa. Na goge tsohon man da ya bushe da auduga da sifirit har ƙarfen ya yi ƙyalli. Ya ce in ɗiga kamar ƙwayar wake. Na ce wane wake, fari ko ja, don ba girmansu ɗaya ba. Na ji dariya ta kusa ƙwace masa, ya mayar da ita tari. Ya ce fari, Inna, ƙarami. Na ɗora fankar, na ɗaure kusurwa da kusurwa kamar yadda ya ce. Sukurorin suna nan yadda kika jera su, ban nemi ko ɗaya ba.

Ram ɗin ne ya ba ni wahala. Na danna ya ƙi, na ƙara ƙarfi ya ƙi. Na ce kayan banza kika sayo. Ya ce in duba akwai 'yar tsaga a ƙasansa, ba a tsakiya take ba, in juya shi. Na juya, ya zauna da 'yar ƙara, ƙat. Da na ci gaba da dannawa da na karya shi.

A nan ne, ina ƙoƙarin zura katin hoton, na tambaye shi abin da ya kamata in tambaye ki. Na ce wai me za ta yi da wannan tsohon abu. Ya ce ai don ciwon ne. Ya ce a 'yan shekarun nan in ya tashi miki, likita yakan rubuta allura mai ƙarfi, ke kuma sai ki ƙi, ko ki karɓi ɗaya ki ce ta isa. Ma'aikatan jinya har faɗa suke yi miki. Kina cewa kina tsoron sabo, kina cewa in kika zama irin waɗancan da wane ido za ki dubi Inna. Ya ce kin gwada wasan waya, amma in yatsu suka kumbura gilashin ba ya jin su, kuma wasannin yanzu ba sa ɗauke miki hankali. Na Baba kike so, mai manyan maɓallai. Ya ce nufinki ki bar ta a nan Gwandu, don in kin zo jinya wurina ki sami abin da zai raba miki zafin biyu, kada ki hana ni barci da nishi.

Ashe tsorona ne ya sa kike cije zafin da aka halatta miki maganinsa? Wa ya ce miki haka nake so? Likita ne ya rubuta, Zuwaira, ba laifi ba ne, da kin karɓa. Sau nawa kika kwanta kina murƙususu saboda idona? Ban gaya masa komai ba ranar. Na ce rana ta yi, ya je ya dawo gobe.

Washegari aka kawo wuta da hantsi. Muka kunna, ta yi ƙara sau uku ta yi shiru, allon baƙi. Ashe sanda ɗaya ce ba ta zauna sosai ba. Na danna ta, muka sake. Fankar ta juya, rubutu ya fito. Tsohon ma'ajin ya yi ta ƙara, mijinki yana karanto min abin da zan danna ɗaya bayan ɗaya, har wasannin suka koma sabon. Sai ga ɗan jirgin nan, da kiɗansa mai kama da kukan gyare. Na ji numfashin mijinki ya sauya a bayan labule. Ya ce kullum kina kwaikwayon kiɗan nan in kina wanke-wanke, bai taɓa sanin daga ina kika samo shi ba.

A nan na gaya masa. Ban rage komai ba: jakar, masai, Hajo. Na ce maganar da ta hana mahaifiyarsa fita, wadda ta sa ake nuna shi a masallaci, ni ce tushenta. Can ya ce ya san daga Gwandu ta fito, amma bai taɓa kawo ni a ransa ba. Ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Bai ce ya yafe ba, kuma ban nema ba. Na ji ya naɗe buzun ya jingine, ya yi sallama yadda ya saba, da ladabinsa. Bai sake zuwa ba, bai kuma kira ba. Ban ga laifinsa ba.

Dodoru na fara zuwa. Na matsa man a tafin Hajo na ce ta shinshina, ta murza. Ta yi salati ta yi kuka, ta ce ita mutum ɗaya ta gaya wa. Na ce ni ma mutum ɗaya na gaya wa, ta tashi ta raka ni gidan ɗayan. Ranar Asabar na tsaya a gaban matan makaranta, na rufe littafi, na faɗa musu abin da malamarsu ta yi. Babu wadda ta ɗago. Wasu tun ranar ba su dawo ba, wasu kuma sun fi da zuwa, ina jin don su ƙara kallona.

Kalgo ce ta fi wuya. Na bari sai ranar da ake suna a gidan maƙwabtan Hajiya Kulu, don in sami matan unguwar a wuri ɗaya. Ba a gayyace ni ba. Na shiga ana rabon waina, na yi sallama, na ce ina da magana. Na fito da sirinjin. Na ce wannan ne abin da aka ce an gani a jakar ɗiyata, ni ce na gani, ni ce na faɗa, man gyaran kwamfuta ne. Na ce ɗiyata allurar da likita ya rubuta mata ma gudunta take yi, mijinta kuma bai taɓa sayo mata komai ba sai abinci da magani. Na bi su ina ɗiga musu a yatsa. Wata ta ce ikon Allah, kamar kwalli. Wata yarinya ta yi dariya aka zungure ta. Ina juyawa na ji wata tsohuwa tana cewa a hankali, ai uwa dole ta rufa wa ɗiyarta asiri, ko ni ce haka zan yi. Na juyo na ce mata ni ban rufa ba, tonawa na yi, kuma abin da na tona babu shi. Ta ce to Allah Ya kyauta, da irin muryar da na san ba ta yarda ba. Da zan fita Hajiya Kulu ta aiko min da ruwa a kofi, na sha a tsaye.

Abin da na gane shi ne maganar farko da ƙafarta ta yi tafiya, ban biya mata kuɗin mota ba. Ta biyun sai na ɗauke ta a ka, gida-gida, kuma ko na sauke ba kowa ke karɓa ba. Na rubuta sunayen matan da na san sun ji, ina bi ina sokewa. Duk inda na je sai a ƙara min suna biyu.

Kwamfutar tana nan a ɗakin Malam, na rufe murfinta, sukuru ɗaya bai yi saura ba. Nakan kunna ta in akwai wuta, don mijinki ya ce zama ba aiki yana lalata ta. Ban iya wasan ba, kuma ba zan koya ba, kin san ni. Jirgin yana tashi, ya daki dutsen farko, ya sake tashi. Ina zaune ina jan carbi ina kallonsa. Ban sani ba ko hakan daidai ne. Da ina da amsar kowace tambaya, yanzu ba ni da ta wannan.

Ban ce ki yafe min ba, don na san ba a nan ake wannan maganar ba. Akwai ranar da za a tsayar da mu, ki karɓi haƙƙinki, kuma ba zan yi gardama ba. Ina dai son kafin ranar in rage yawan bakunan da ke ɗauke da ƙaryata.

Gobe Dangoma za ni. Akwai wata ƙanwar Hajiya Kulu a can, an ce ita ta kai maganar har kasuwa. Man ya kusa ƙarewa, kowane gida yana cin kaɗan. In na yi tattali zai kai gida uku. Daga nan sai dai bakina, shi da ya jawo.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, Ya haɗa ki da mahaifinki da ƙannenki. Ki huta.

Innarki, wadda ba ta tambaye ki ba,
Gwandu.